Amshin Waƙar Inna Nake Nema

Assalamu alaikum, mai gabatarwa, sannu da ƙoƙari. Sunana Hadiza, daga Yako. Na ji shirinka kan mutum-mutumin da aka ƙera a ƙasashen waje, yana yi wa tsofaffi waƙa da tatsuniya.

Innata gigin tsufa ya kama ta, ko sunana ba ta riƙe ba. Kullum da la'asar sai ta ɗauki ƙunshin kayanta wai za ta gida, alhali garinsu ruwan madatsar Tiga ya cinye shi tun ina goye. Ran nan ina dakan gero, sai ta ajiye ƙunshin ta kama wata waƙar daka ta garinsu. Da ta kai wata gaɓa ta yi shiru tana kallona. Ashe amshi take jira, ni kuwa ban san shi ba.

Na kunna mata waƙoƙi a waya, ta ture ta, ta ce, "Wannan ba ta jiran mutum."

To, shi mutum-mutumin yana jira?

Iyayena matan da ruwan ya tasa, duk wadda ta tuna waƙar mai ambaton tsamiyar bakin rafi, don Allah ta aiko da amshin. Har yau a gaɓar nan Inna take tsayawa.