Yayata Ta Haihu a Hanyar Gona

Salamu alaikum, Malam mai karanta wasiƙu, sannu da aiki. Sunana Laraba, daga Zuru. Ban saba magana gaban manya ba, amma wannan abu ya ƙona mini rai.

Yayata Kande tana da tsohon ciki. Ran nan da safe ta ce mararta tana ciwo, aka kira Inna Tabawa, ungozomar unguwarmu. Ko taɓa cikin ba ta yi ba, ta ce, "Raki gare ki, 'yar nan. Wa ke haihuwa a duhun wata? Sai farin wata ya fito. Tashi ki kai wa maza abinci gona."

Na ce, "Inna, ai gumi take yi." Ta ce, "Ke haihuwa nawa kika yi?"

Ba mu kai gona ba hadari ya haɗo. Yaya ta durƙusa a gindin ɗorawa, ta haihu cikin ruwan sama, ni kaɗai a kanta. Da zanena na naɗe jaririn. Har yau tari yake yi, ba ya kama nono sosai. Inna kuwa ko kunya babu, wai tsawa ce ta girgizo shi, ita ba ta yi kuskure ba!

Yanzu matar kawuna ta kusa, an ce ita ma ta jira farin wata. Don Allah, Malam, ka tambayo mana likita, jariri yana duba sama kafin ya fito? Ka amsa da wuri, Kawu yana sauraronka. Wata ya fara raguwa, ita kuwa cikinta ya riga ya sauka.