Ranar da Baba Ya Koma Tsohuwar Gona

Assalamu alaikum Malam mai gabatarwa, da masu sauraro. Ni ne Sabi'u daga Mairuwa.

Mahaifina ya fara mantuwa. Ya san mu duka, amma sai ya ajiye carbi ya yi ta nema, ko ya riƙa maimaita tambaya. Likita ta ce ba hauka ba ne, a riƙa fita da shi tattaki kullum, motsa jiki na taimakon ƙwaƙwalwa. Nakan raka shi bayan la'asar, har ya fara sakewa yana ba ni labari.

Ran kasuwa na makara, sai ya fita shi kaɗai. Wani ɗan acaɓa, baƙo, ya tsaya ya ce, "Haba Baba, ina 'ya'yanka kake tafiya a ƙasa? Hau!" Baba ya ce a kai shi gona. Gonar nan kuwa tana bakin daji, mun daina noma ta saboda 'yan bindiga. Shi ya manta.

Da na iso, waɗanda suka gani suka gaya mini, na bi sawu. Na iske shi tsaye cikin ciyawa, ga ƙarar babura daga daji. Ya ce, "Sabi'u, wa ya bar gonar nan haka?" Na ce, "Baba, yi shiru, mu tafi." Allah Ya tsare.

Yanzu yayana ya sa kwaɗo a ƙofar zaure, ya ce tattaki ya ƙare. Baba yana zaune kawai. Jiya ya kira ni da sunan ƙanensa da ya rasu.

Malam, don Allah ku ba ni shawara: in buɗe ƙofar nan, ko in bar ta?