Ƙuma a Buzun Malam

KHALIDA: Salamu alaikum. Gwaggo Ɗaso, ina wuni?

ƊASO: Wa alaikumus salam. Wace ce? Maha ce, amarya?

KHALIDA: Khalida ce, Gwaggo, daga unguwar Shisha.

ƊASO: Af, Khalida. Muryarku ɗaya da 'yar wanki a waya. Lafiya lau. Ya shirin biki?

KHALIDA: Alhamdu lillahi. Ya Jarwal? Ya zafi?

ƊASO: Zafin Makka sai godiya. 'Yan Umra sun cika mana unguwa, ko taksi ba ya iya shigowa lungunmu. Ya maigidan? Ya Lujain?

KHALIDA: Suna lafiya. Ya ƙafar?

ƊASO: Ciwon ya lafa, sai ƙaiƙayi da ta tsiro min da shi yau tun azahar. Ina jin sabon maganin nan ne bai karɓe ni ba.

KHALIDA: Allah ya sawwaƙe. To ya... ya ƙafar dai?

ƊASO: Ƙafar da na ba ki labarinta yanzu? Ke 'yar nan, ba kya maimaita gaisuwa sai kin zo da magana. An ɗaga bikin ne?

KHALIDA: A'a, lallen Maha yana nan gobe. Wasan Hanya ne ya samu matsala.

ƊASO: Me? Layin yana yankewa, tsaya in ja shimfiɗata kusa da taga. Wasan me?

KHALIDA: Wasan Hanya, Gwaggo, na tafiyar kakanmu Malam daga Kano zuwa Makka. Jiya muka yi gwajin ƙarshe a gidan Yaya Talal. Aka sauko da akwatin kayan wasa daga saman bene, Lujain ta rataya buzun Malam, ta ɗauki sanda, 'yan mata suka jeru a bayanta a matsayin ayari.

ƊASO: Ta manta waƙar ko? Dama na ce yaran nan harshensu ya karye da Larabci.

KHALIDA: Ba ta manta ba. Wallahi ta rera fitowa daga Kano tiryan-tiryan, har na yi hawaye. Muna shiga ƙasar Cadi sai na ga ta fara susa.

ƊASO: Susa?

KHALIDA: Ashe magen Lujain da muka kai musu ajiya ce ta haihu a cikin akwatin, a kan buzun. Ga ragunan walima da Yaya ya ɗaure a gefe. Ƙuma ce cike da gashin buzun, har da kaska a jikin murfin. Kafin a kai Sudan, ayarin gaba ɗaya ya kama susa.

ƊASO: Inna lillahi. Buzun ubana mage ta mayar ɗakin haihuwa?

KHALIDA: Da safe aka kira baitari, likitan dabbobi. Ya ciccire wa ragunan kaska a kunne da ƙarƙashin wutsiya, ya yi musu wanka da magani, ya ɗiga wa magen wani a ƙeya. Ya ce buzun ma dole a fesa masa magani, a ƙulle shi a baƙar leda, a shanya a rana.

ƊASO: Ba za a fesa ba. Buzun da Malam ya taho da shi a ƙafa tun daga Kano, ya yi salla a kansa a kowane zango? Ko ruwa bai taɓa taɓa shi ba tun da nake. Ƙurar hanya tana cikinsa, ita ce albarkar. Halas, an gama, kar ki sake kawo min wannan maganar.

KHALIDA: To, Gwaggo, Lujain ta kulle kanta a ɗaki tun jiya. Hannunta duk ƙuraje. Ta ce ba za ta fita gaban dangin ango ta zama abin dariya ba. Kin san watannin da ta yi tana koyon waƙar nan, tana sauraron muryarki a waya tana maimaitawa. Ita kaɗai ce a yaranmu ta iya. Matar Yaya kuma har ta fara cewa mawaƙiyar da aka ɗauko ta isa, a bar wasan tsofaffi. In aka tsallake shi a bikin nan, ina tsoron shi ke nan.

ƊASO: Hmm.

KHALIDA: Gwaggo? Kina nan?

ƊASO: Ina nan. Tsaya, ya ta yi susar?

KHALIDA: Kamar yaya? Susa dai.

ƊASO: Kafaɗa ta fara girgizawa?

KHALIDA: E, kafaɗa. Sai ta kai sandar bayanta tana gogawa.

ƊASO: Ta ɗaga ƙafa ɗaya tana sosa ƙaurin ɗayar, kuma ba ta daina waƙa ba?

KHALIDA: Wa ya gaya miki? Haka ta yi ta tsalle da ƙafa ɗaya. Gwaggo, dariya kike yi?

ƊASO: Bari in yi abata. Zangon Raƙuma ke nan! Yarinyar nan ta taka Zangon Raƙuma ba wanda ya koya mata.

KHALIDA: Ban san wannan ba.

ƊASO: Ina za ki sani? Innata da matan lungunmu suka ƙirƙiri wasan nan, lokacin Jarwal gidajen katako ne da langa-langa. Ƙwarya suke kifawa a ruwa suna kiɗa, sai daga baya muka ari duffi wurin maƙwabta. Fitowa daga Kano, Cadi, cirar auduga a Sudan, jirgin ruwa zuwa Jidda, ganin Ɗakin Allah. Tsakanin Cadi da auduga akwai zangon da ayari ya kwana inda raƙuma suka kwanta, ƙuma ta hana kowa barci. Malam da kansa yake ba da labarin yana dariya.

KHALIDA: To ina ya tafi?

ƊASO: Mahaifiyarki, Allah ya ji ƙanta, ita ta cire shi a bikin Talal. Wai kar surukai su ce mu ƙazamai ne. Na yi fushi, na haƙura. Na so in mayar da shi daga baya, amma wa zai taka? Yaran da suka tashi a sanyin mukayyif, na'urar sanyaya ɗaki, ko sauro bai san jininsu ba. In na ce su yi susa sai su yi kamar masu shafa turare.

KHALIDA: Amma dangin angon za su yi dariya fa.

ƊASO: Don dariyar aka yi shi. A nan ake sakin ciki, sannan in ayari ya hango Ɗaki kowa ya fashe da kuka. Tun da aka cire shi ba na ganin mai kuka a ƙarshe, sai danna waya. Ina yarinyar? Kai min wayar bakin ƙofarta.

KHALIDA: Ga ni a bakin ƙofar. Na buɗe murya.

ƊASO: Lujain, ya habibti, ji nan. Zangon raƙuma, ba mu runtsa ba. Ƙuma ta ce mu tashi mu yi mata rawa. Kaska ta ce ita ma Makka za ta. Muka soshe ta, muka ɗauke ta, muka yi gaba.

KHALIDA: Gwaggo, ina jin dariyarta. Ta buɗe. Wai ki sake, daga wurin kaska.

ƊASO: Ta zo nan bayan magariba in ba ta duka. Ƙurajen kuma kar a rufe su da hoda, kayan wasa ne.

KHALIDA: Ta ce za ta zo. Amma ta rantse ba za ta ƙara rataya buzun ba sai an yi masa magani.

ƊASO: Na ce ba za a fesa ba. Buzun ma yana wurina. Talal ya kawo min shi da hantsi a leda, ya ce in adana kar matarsa ta ƙone shi, ya juya ko shayi bai sha ba.

KHALIDA: Bai gaya miki dalili ba? Gwaggo, kar ki buɗe ledar nan.

ƊASO: Na buɗe tuntuni. A kansa na yi azahar da la'asar. Yanzu ma a kansa nake zau...

KHALIDA: Gwaggo?

ƊASO: Ashe ƙaiƙayin nan ba daga maganin ƙafar ba ne.

KHALIDA: Ki tashi daga kansa!

ƊASO: Na tashi. Kai, har bayana. Khalida, turo min baitarin nan yanzu-yanzu, ya fesa, Malam zai yafe. Ki ce wa Lujain kar ta jira magariba, ta yi sauri ta zo ta ga yadda ake taka shi, na riga na fara. Sai anjima, hannu biyu nake bukata.