Takardar Haihuwar Ƙaninsa

Assalamu alaikum Malam mai gabatarwa. Ni ce Maman Nasiru, mai sayar da tuwo a Adjamé Liberté. Don Allah ka karanta wasiƙar nan yadda take, kada ka rage komai.

Ɗana Nasiru shekararsa sha bakwai, yana buga ƙwallo a wata ƙungiyar matasa a Treichville. Ranar Lahadi wani dillalin 'yan wasa ya biyo shi gida, ya zauna kan bencina ya ce, "Tanti, yaronki ya iya, amma ya tsufa. Ɗan shekara sha biyar ake nema a Turai, a ce ba a taɓa yin ƙarami kamarsa ba. Ki ba shi takardar haihuwar ƙaninsa Bashir ya tafi da ita."

Na ce, "To, Bashir da zai zana jarrabawa bana fa, da sunan wa zai shiga?"

Ya ce, "Sai a yi masa wata. Kowa haka yake yi."

Na ce ya tashi ya ba ni bencina.

Kwana uku ke nan Nasiru bai ci tuwona ba. 'Yan layinmu suna cewa na toshe wa yaro arzikinsa. Su yi ta faɗa! Naƙuda biyu na yi, rago biyu babansu ya yanka, suna biyu liman ya raɗa. Ba wanda zai shafe mini ɗaya.

Ina gaida matan Kasuwar Guro. Kai kuma Nasiru, na san kana saurare. Ranar da za a ambaci wanda ya ci ƙwallo a rediyon nan, sunanka nake so in ji, don in san wa nake yi wa guɗa.