Koren Fenti a Rufin Malam

Mastura: Miƙo min nan ka matsa! Usuman, na ce ka matsa. Yaran yanzu, abin da kuka taɓa sai ya lalace. Je ka tsaya bakin kanti. Alo? Ɗa'ifa ce? Salamu alaikum!

Barakatu: Wa alaikumus salam. Yaya Mastura? Ke da wa?

Mastura: Da jikana mana, shi ya juya min lambar. Barakatu, kin yini lafiya?

Barakatu: Lafiya lau, Yaya. Ya Jidda, ya zafi?

Mastura: Sai godiya. Ya mai gidanki Hamad? Ya yara?

Barakatu: Kowa lafiya. Ya ƙafa?

Mastura: Da sauƙi.

Barakatu: Ya jikin Malam?

Mastura: To... alhamdu lillahi.

Barakatu: Yaya, wannan "to" ɗin bai yi min ba.

Mastura: Rufi ne ya narke.

Barakatu: Wa aka rufe?

Mastura: Rufi! Rufin ɗakin Malam na saman bene. Kin san tun da ɓarin jikinsa ya shanye can yake kwance, kwano a kansa. In rana ta take, tanderu ne.

Barakatu: Har yanzu ba ku sauko da shi ba?

Mastura: Ta wace matakala? Maza sun taru sun gwada, kwanar ta ƙi gado. Da suka ɗaga shi a hannu, ihunsa duk unguwar Ruwais an ji. Shi ne Usuman ya kwaso fillin daga wurin aikinsa, tashar jirgin ruwa.

Barakatu: Fulani?

Mastura: Fillin! Farin allon nan mara nauyi da ake tokare firiji da shi cikin kwali. Mijinki kafinta ne ya koya masa kafin ku tafi. Ya yanka daidai, ya cusa tsakanin katako da katako, daga inda rufin ya yi tsawo har inda ya gangaro, ya bar 'yar rata ƙarƙashin kwano.

Barakatu: Ai daidai ke nan.

Mastura: Ban ce bai yi daidai ba. Ɗaki ya yi sanyi, Malam ya yi barcin da ya daɗe bai yi ba. Yana farkawa ya ɗaga ido, sai hawaye.

Barakatu: Malam?

Mastura: Wai mun ja masa likkafani tun bai mutu ba. Fari fat daga kai har ƙafa, ga shi ya sunkuyo masa. Mutumin da ba ya iya juyawa, Barakatu, sama kaɗai yake kallo. Ya ƙi abinci.

Barakatu: Wayyo Allah.

Mastura: Sai wannan mai gaggawar, ba shawara ba komai, ya ja gadon bakin ƙofa, ya ɗauko ragowar koren fentin ƙofar gida. Ya ga ya yi kauri, ya tsiyaya masa fetur, ya shafe fillin da shi.

Barakatu: Inna lillahi! Hamad! Ya Hamad, zo ka ji!

Mastura: Kafin la'asar ya koma miyar kuɓewa. Yana yauƙi yana ɗiga, rami ko'ina, kwano na leƙowa.

Barakatu: Ya zubo wa Malam?

Mastura: Allah ya tsare, tabarma ce ta sha. Warin dai ya bar shi da tari.

Barakatu: Hamad na cewa ai ya ce a bi shi da siririn katako a rufe.

Mastura: Wa ya ce wa? Ba shi wayar!

Barakatu: Yana jin ki daga inda yake, Yaya, muryarki ba ta bukatar waya.

Mastura: To ya shigo mota gobe.

Barakatu: Kafili, ubangidansa na aiki, ba zai sake shi ba. Manyan Jidda duk sun hauro shan iska, aiki ya sha kansu. Sai zafi ya wuce.

Mastura: Sai zafi ya wuce? Malam zai kai?

Barakatu: Tsaya, Yaya, Hamad na magana.

Mastura: Me ya ce?

Barakatu: Ya ce wanda ya narke ba ya gyaruwa, a kankare duka. A sa sabo, a lulluɓe da zane mai launi, a kafe da ƙusa jikin katako. Ko turaren wuta kada a kai kusa.

Mastura: Sabo a ina? Jirgin firijin ya sauke ya tafi. Yaron ya zaga unguwar Waziriyya, ya zaga Aziziyya, ko ɓalli babu. Ni ce dai da mafici da jiƙaƙƙen tawul, hannu ya mutu, numfashin Malam na sama-sama.

Barakatu: Ba ragowa ko kaɗan?

Mastura: Ragowa... Akwai. Usuman! Zo nan. Ɗago kanka.

Barakatu: Me kuma, Yaya?

Mastura: Ɗakin da ya kafa wa amaryarsa Zakiya a ɗaya gefen benen. Masu kaurin ya ware ya jera can, har ya kawo yayyenta sun gani ana ta yabo.

Barakatu: Haba Yaya, biki ya matso! 'Yar mutane ƙarƙashin kwano tsirara?

Mastura: Sai a ɗaga bikin. Ita tana da ƙafa, in ta ji zafi ta sauko. Ba ma zai isa ba, daidai saman gadon kaɗai zai rufe.

Barakatu: Iyayenta za su yarda?

Mastura: Shi zai je ya gaya musu da bakinsa. Ka ji ni? Yalla, je ka ciro su a hankali, kada ɗaya ya karye. Ka buɗe akwatina ka ɗauki atamfa mai ganye-ganye... Ya tafi. Idonsa ya yi ja.

Barakatu: Yaya, in rabin rufin bai tare zafin ba fa?

Mastura: Ban sani ba, Barakatu. Wallahi ban sani ba. Na baro Malam shi kaɗai, ga mai kanti yana miƙo min hannu in biya kuɗin waya. To, halas, na ji! Ki ce wa Hamad ko kwana ɗaya ne ya...