Kumfa a Famfon Kasuwa

Jama'ata, ku matso ku sha labari! Wata mai abinci ce ta ga kumfa a ruwan da ta tara, ta bi tiyo da ido daga jikin famfon har cikin duron sabulun mai wankin mota. Sai ta take tiyon.

"Iya, ɗaga ƙafarki!"

"Na ƙi. Ciro bakinsa daga duro. Da an ɗauke ruwa famfo ke zuƙe sabulunka, mu kuma mu dafa wa mutane."

"Ruwa mota ne da zai yi ribas?"

"To sha, ɗan nan."

"Wa, ni? Ai tun da na fara wanki a nan ruwan leda nake sha!"

"Au, ashe ka sani."

Ta ɗora ɗaya ƙafar ma. Ku fa, da kun ɗaga?