Wani na aiki da sunana a Plateau

Assalamu alaikum malam mai gabatarwa. Ni ne Isufu daga unguwar Talladjé a Yamai.

Fari ya ƙone gonarmu a Tahoua, na zo Yamai neman aikin masinja. A ƙofar wani biro, wato ofis, a unguwar Plateau, wani mai kwat ya karɓi takardata ta gama lakkwal, wato makaranta, ta asali, ya ce: "Ɗan'uwa, dawo bayan sati biyu." Tun da ya ƙi faɗin sunansa hankalina bai kwanta ba. Da na koma, mai gadi ya ce ai Isufu ya kama aiki tun jiya!

Masu neman aiki, kwafi za ku bayar, ku riƙe ta asali.

Malam, ina zan kai ƙara? In sojoji suka tambaye ni, da wace takarda zan nuna ni ne Isufun?